Rubutun da Ban Sha Ba

A Ƙofar Galadima muka yi shekarun farkon aurenmu, a ɗaki ciki da falo da maigidana ya kama haya don ya kusanci makarantar da yake koyarwa. Mu kaɗai ne Kirista a layin. Ranar Lahadi mukan hau acaɓa mu fita bayan ganuwa zuwa majami'ar da na tashi a cikinta, inda yayata take shugabar zumuntar mata.

Mai gidan hayar wata Hajiya ce da mijinta ya rasu, tana sayar da atamfa da turaren wuta a cikin gida. Bango ɗaya ya raba mu, saboda haka duk cikin da na samu ita ke fara sani, in ya zube ma ita ke fara ji. Yakan kai wata uku ko huɗu, sai jini. Likitoci sun duba sun ce ba su ga komai ba. Na yi azumi har maigidana ya roƙe ni in daina. An ɗora mini hannu a gaban jama'a, an shafa mini mai, na yi alkawarin in Allah ya ba ni ɗa zan mayar masa da shi ya yi aikin bishara. Shiru.

Bayan wani ɓarin da ya kwantar da ni asibiti, Hajiya ta shigo da kunun kanwa da wata 'yar kwalba a naɗe a gefen mayafinta.

"'Yata, na san addininmu ba ɗaya ba ne," in ji ta. "Rubutu ne na sa ƙanena ya yi miki, malami ne. In kin ga za ki iya, ki sha. In ba za ki iya ba, ba laifi."

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Matar da ta wanke mini zane mai jini ba ta yamutsa fuska ba, ba zan iya mayar mata da hannu ba. Kwalbar ta kwana biyu a bayan akwati ina kallonta. Daga baya na fita da ita na zuba a gindin zogalen da ke bayan ɗaki, na wanke ta na mayar wa Hajiya. Ba ta tambaye ni ba.

Yayata kaɗai na gaya wa. Ta zo duba ni, muna zaune a bakin gado, na ba ta labari ina dariya ina hawaye. Ta rungume ni ta yi mini addu'a mai tsawo.

Ba a yi mako biyu ba aka aiko dattawan ikilisiya suna nemana. Na tarar da Fasto da dattawa, yayata tana zaune a gefe da Littafi Mai Tsarki a cinya. Fasto ya ce an kawo musu labari ina shan rubutu a cikin birni.

Na ce, "Baba, ban sha ba. Zubar da shi na yi a gindin bishiya."

Yayata ta ce, "Ni dai abin da na sani ta karɓa, ya kwana a ɗakinta. Ba zan ga ƙanwata tana hanyar hallaka in yi shiru ba. Wa ya sani ko irin wannan ne yake tare mata amsar addu'a?"

Aka sa ni a horo. Wanda aka sa a horo a bencin baya yake zama, ba ya waƙa da zumunta, in aka zo jibin Ubangiji, ana raba gurasa da ruwan inabi, a wuce shi da tire. An sanar da sunana da laifina daga kan bagade, inda Fasto yake tsayawa wa'azi. Maigidana ya so mu bar majami'ar, na ƙi. Kabarin mahaifiyarmu yana bayanta.

Magana ba ta san ganuwa ba. Wata mai tallan man gyaɗa ta kawo ta har layinmu, da ƙarinta. Da na dawo kasuwa wata rana, Hajiya ta tsayar da ni a zaure.

"An ce kin tsaya a gaban manyanku kin ce a ƙasa kika zubar."

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Na ce miki in ba za ki iya ba, ba laifi. Da kin dawo mini da shi. Sunan Allah ne a ciki, kika zuba inda ake watsa ruwan wanke-wanke." Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafi ta shige. Ba ta kore mu ba, amma daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma da shekarar haya ta ƙare muka tashi da kanmu.

Ranar da aka cire ni daga horo, yayata ta nemi a ba ta dama a lokacin shaida. Ta karɓi abin magana ta kira ni gaba. Ta durƙusa, tana kuka sosai, ta ce in ta ɓata mini rai in gafarta mata. Sannan ta shiga bayani. Ta faɗi yawan cikin da na yi ɓarinsa, ta faɗi abin da likita ya ce game da mahaifata, ta faɗi cewa dangin mijina sun fara magana. Duk abin da na gaya mata a bakin gado ta shimfiɗa shi a gaban maza da samari. Ta ce ƙauna ce ta sa ta yin abin da ta yi, kuma ko gobe za ta sake yi don ceton raina.

Duk majami'a ana jirana. Fasto ya miƙo mini abin magana. Na ce, "Na yafe, Yaya." Mata suka rangaɗa guɗa, aka kaɗa tulu da ganga, ta rungume ni tana jiƙa mini kafaɗa. Har yau ana ba da labarin ranar a matsayin misalin sulhu.

A hanyar gida maigidana ya tambaye ni, "Da gaske kin yafe?"

Na ce, "Ka ji ai."

Da yayata ta haifi 'yarta ta ƙarshe, ta yi mini takwara. Kowa ya yaba. Ni na yi ɗinkin suna, ni na riƙe jaririyar a gaban bagade ranar miƙa ta ga Allah, mata suna cewa to, ga Allah ya share miki hawaye. Da yake ni ƙanwa ce, ba a sakaya sunan ba. Kai tsaye take kiransa. In na je gidanta sai in ji ta daga kicin tana kwaɗa wa yarinyar kira da sunana, tana cewa, "Ke dai ba kya jin magana, shi ya sa ba kya ganin daidai." Ban san ko da gayya take yi ba. Ban taɓa tambaya ba.

Yanzu jinin al'ada ya ɗauke mini, maganar haihuwa ta ƙare. Na daina wannan addu'ar na kama wata: Allah ya sa abin da bakina ya faɗa ranar nan ya sauka cikin zuciyata. Ita ma ban ga amsarta ba tukuna. Ina zuwa sujada, ina karɓar jibi, wani lokaci daga hannun mijin yayata, don yanzu dattijo ne. Ranar Kirsimeti nakan dafa shinkafa in aika gidanta, yarinyar ta dawo mini da kwano, ta durƙusa ta ce, "Anti, Mama ta ce gishiri ya ɗan yi yawa, amma an gode."