Ƙofar da ta saki kanta ranar Juma'a

Shekarun baya, da zaman ƙauye ya fara yi mana wuya, na ɗauko mahaifiyata daga Dakko na kawo ta wurina a Talata Mafara. Haya muke yi a wani bene, mu a sama, wasu mahauta da iyalansu a ƙasa. Inna ba ta son benen nan ko kaɗan. Ga ciwon gwiwa, sai ta daɗe ba ta taka matakala ba.

Mai gidan mutum ne mai son kayan zamani. Shi ya kira abokina, wani injiniya ɗan Maradun da muka yi makaranta tare, ya sa mana ƙararrawar gobara. Ni na ɗauka 'yan faya-fayan nan kawai zai manna a silin ya kama gabansa. Ashe mutumin nawa ya hango nesa. Sai ya haɗa su da akwatin da ke ƙarƙashin matakala, wanda dama shi ke kula da wutar gidan da famfon tanki da makullin get. Ya ce in hayaƙi ya tashi ihu kaɗai bai isa ba, gidan da kansa zai yanke wuta, ya kunna famfo, ya saki ƙofa.

Ba a je ko'ina ba abin ya fara faɗa da Inna. Ita kuwa ba ta wuni ba ta sa turaren wuta ba, da ta ɗora kasko sai gida ya ɗauki kururuwa. Ta ce wanga abu ba shi da kunya, in hau in rufe mashi baki. Wallahi ina tsaye kan kujera da safa a hannu, ni mai takardar makaranta, abokina ya yi sallama.

Ko kallon safar bai yi ba. Ya durƙusa ya gaida Inna, gaisuwa har da ta mutanen Dakko da damina, sannan ya roƙe ta ta sa turarenta yadda ta saba, kar ta rage. Ya zauna kan tabarma yana kallon inda hayaƙin ke bi. Washegari ya sauya faifan ɗakinta da wani mai jin zafi ba hayaƙi ba, ya bar masu jin hayaƙin a baranda da matakala. Haka ya bi matan mahauta har wurin suyarsu, su ma ya sauya masu. Tun ranar ba wanda ya sake neman safa.

Rigimar gaske a kan get aka yi ta. Maza muka taru muka ce a wannan zamani ba mai yarda da ƙofar da ke buɗe kanta, kuma muna da gaskiyarmu. Al'adarmu ranar Juma'a, maigadi ya kulle gida ta waje, mu ɗunguma masallaci duka, mata da yara na ciki hankalinmu kwance. Abokina ya bari muka gama, sannan ya ce a hankali:

"To in wuta ta tashi kuna sahu, makullin yana aljihun wa?"

Amma bai ce tsoronmu shirme ne ba. Ya nemo mai walda, suka yi ta fama da ƙaramar ƙofar jikin get har ta zama in ƙararrawa ta buga makullinta ya saki, amma sai daga ciki ake tura ta, ta waje ko mariƙi babu. Ya sa mata batirinta na sola, don kar a ce an ɗauke wuta.

Wata Juma'a da bazara, liman na cikin huɗuba aka kawo wuta da ƙarfi. Firizar wani mahauci ta kama a ɗakin da ke kulle, daidai gindin matakala. Mu ba mu san komai ba, wayoyi duk a kashe. Muna dawowa na hango hayaƙi, na hango mata da yara a waje. Na zubar da darduma na ruga, ina kiran Inna kamar ƙaramin yaro.

Tana zaune ƙarƙashin dogon yaro, carbi a hannu. Ashe ƙararrawa na bugawa wutar lantarki ta yanke, ƙofa ta saki. Matan mahauta ne suka ɗauko ta tun hayaƙi bai rufe matakala ba, sauran suka ja tiyo suka kashe wutar. Maigadi ya iso yana haki, makulli a hannunsa, ba abin da zai buɗe.

Da abokina ya zo jaje, Inna ta kama hannunsa ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce, "Ɗana, marar kunyar nan taka ta yi mani rana. Allah shi buɗe maka ƙofa ranar da ba ka da makulli."

Na ga masu ilimi da yawa, amma irinsa kaɗan ne. Bai raina turaren tsohuwa ba, bai raina tsoronmu ba, kuma bai ja da baya a kan ƙofar nan ba. Har yau in na fita masallacin Juma'a na ji ƙarar kulle get a bayana, sai na waiwaya na dubi ƙaramar ƙofar, sannan in sa shi a addu'a.