Wa Ya San Gonarsa?

Kullum yana riga masinja isa ofis. Ya rataye hula a ƙusa, ya zura takalmin roba, ya ɗauki igiyar awo, sai kan babur. Shekara talatin da ɗaya ke nan malamin gonarmu yana haka, har manoma suka manta sunansa na yanka suka laƙaba masa Jeka-ka-gani. Matarsa kan ce da laka aka ɗaura masa aure, ita 'yar rakiya ce kawai. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, ni kuwa na rantse ba zai sulale shiru ba.

Shekarar da ambaliya ta cinye gonakin bakin kogi, gwamnati ta ware kuɗin tallafi. Wata guda ya yi yana bi gona-gona, ya auna, ya rubuta, ya miƙa. Da takardar ta dawo sai ya ga an yi mata aski: an cire mutum sittin da ya ga asararsu da idonsa, an cusa sunaye sittin da bai taɓa ji ba. Cikin waɗanda aka cire har da Inna mai shinkafa, marayu biyar a gabanta, ruwa bai bar mata ko irin shuka ba.

Shugaban ofis ya tura masa biro. "Malam, sa hannu kawai, haka aka turo."

"Ranka ya daɗe, zan sa. Amma bari in karanta wa jama'a tukuna."

Shugaba ya ɗauka karatu ne kurum, ya ce a yi.

Ranar biya malamin ya fito da teburi bakin baranda, manoma cike da fili, jami'in biyan kuɗi na zaune gefe da jakarsa. Ya kira suna na farko, sannan ya tambaya, "Wa ya san gonarsa? Maƙwabtan iyaka biyu su miƙe."

Mutum biyu suka miƙe. "Gabas da ni yake," in ji ɗaya, "bara ma akuyarsa ta cinye min wake." Aka kwashe da dariya.

Haka aka yi ta tafiya, har ya iso kan baƙon suna. Ya tambaya, shiru. Ya maimaita, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Can wani tsoho ya ce, "Malam, wannan sai dai in a aljihun wani yake noma."

Sau sittin fili yana yin tsit. Shugaba sai fifita yake da fayil, zufa har wuyan riga. Jami'in biya ya zuge jakarsa ya ce ko sisi ba zai fita ba sai an gyara. Nan malamin ya zaro tsohon littafinsa duk shatin laka, ya karanta waɗanda aka cire. Da ya zo kan Inna ba mutum biyu suka miƙe ba, layi guda ne. Wallahi ni da nake wurin sai da na share ido. Cikin mako biyu aka biya su duka, Inna ta sayi iri ta kama noman rani.

Sau biyu ƙarin girma yana tsallake shi bayan nan, kowa kuma ya san dalili. Bai taɓa kai ƙorafi ba. Yau ga shi ofisoshin maƙwabta ma ba sa biyan tallafi sai an karanta suna a bainar jama'a.

Kai ne, Malam, ka nuna mana ɓarawon biro ba ya tsoron ƙofa da kwaɗo, tsoron maƙwabci yake. Garkuwar mai fartanya, mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma da za ku hau kujerarsa, duk ranar da aka tura muku biro aka ce ku sa hannu, ku fito waje ku karanta da ƙarfi tukuna.