Zarton Kawu Kafinta

Kawuna kafinta ne, yayan mahaifiyata. Shekara talatin ya yi a rumfa ɗaya da wasu kafintoci huɗu, kuma shi ya kafa musu doka: ba mai akwati, ba mai kwaɗo. Duk kayan aiki a jikin allo ɗaya ake rataye su. Kowace guduma, kowane zarto, ya zana siffarsa da fenti a inda yake zama. Mai buƙata ya ɗauka, in ya gama ya mayar.

Ƙaninsa kuwa shagon kayan gini gare shi, mutumin da ko ƙusa ce ta faɗi sai ya duƙa ya ɗauka. Kullum ya zo rumfar sai sun tafka muhawara.

"Yaya, wannan gurguzun naka zalunci ne. Mai kula da kaya da malalaci duk ɗaya?"

"Jari-hujjarka fa? Wanda ba shi da zarto ya yanka katako da haƙori?"

Mu dai dariya muke yi, don bakin kowa ba ya mutuwa. Abin da Kawu bai taɓa faɗa ba shi ne, shi kaɗai ke wasa kayan. Da sassafe yake zuwa da magagarinsa, kafin sauran su iso komai ya yi kaifi. Su kuwa, Allah na tuba, sun ɗauka haka ƙarfe yake kwana ya tashi.

Bara hawan jini ya kayar da shi, hannun dama ya shanye. Wata uku yana kwance, ba ya tambayar komai sai allon nan. Tsoronsa kada ya watse.

Ranar da ya samu sauƙi ni na raka shi rumfar. Wallahi raina ya ɓaci. Akwatuna huɗu a jere, kowanne da sabon kwaɗo. Kayan sun dakushe, an yi ta zargin juna, kowa ya kwashe nasa. Allon ya koma zane-zane kawai, sai tsohon zarton Kawu shi kaɗai a wurinsa.

Kawu ya sa hannun hagu ya sauko da shi, ya shafa haƙoran da babban yatsa. Sai na ga ya tsaya cak.

"Wa ya wasa wannan?"

Kafintocin suka kalli juna, kowa ya ce ba shi ba ne. Ƙanin nasa yana tsaye a bakin rumfa, yana ta ƙoƙarin cusa hannu cikin aljihu. Yatsu biyu naɗe da filasta.

"Kai?" in ji Kawu.

"To me? Kaya mai kyau ne, ni ba na son ganin asara." Ya kawar da kai. "Kuma ka gaya musu, duk mai so ya ɗauka. Amma ya mayar inda ya gan shi."