Gwangwanin da Muka Tono a Baida

Unguwar Harra ta Yamma, 5:40 na asuba

Ana sallame Asuba muka fito, ni da 'yata Hanan mai shekara shida da ƙanwar mijina Sumayya, wadda ke jan motar. Ita ce ta kawo mana wannan jidali. Wai wasa ne: wani ya ɓoye gwangwani a daji, a ciki da ɗan littafi da tambarin roba, ya rubuta kwatance a waya. In kun gano sai ku buga tambarinsa a littafinku, ku buga naku a nasa, ku mayar. Na ce da zinari a ciki? Ta ce babu. Na ce to Allah Ya ba masu hankali lafiya. Amma Hanan ta kwana uku tana kukan zuwa, ga babanta yana aiki, ni kuwa ba na sakinta ko bakin ƙofa.

Uhudu, 6:05

Mun tsaya sayen burodin tamis da waken ful, riyal tara. Na duba jakata sau uku ko iƙamata, katin izinin zama, tana nan. Sumayya haifaffiyar nan ce, ba ta san wannan ciwon ba.

"Ya Ummu Hanan, yawon shan iska za mu, ba Jidda ba," in ji ta.

"Ke dai ja mota, ki daina kallona."

Baida, 6:50

Wajen kilomita talatin ne daga gari. Duwatsu jajaye, itatuwan ƙaya, iska mai daɗi; ban so na yaba ba amma wurin ya yi. Kwatancen ya ce dutse mai kama da raƙumi a durƙushe, taku ashirin gabas, gindin itace na uku. Duk dutsen da na kalla raƙumi ne a durƙushe. Bakwai da rabi Hanan ta hango murfi a ƙarƙashin wasu duwatsu. Na ture ta saboda kunama, na durƙusa na tono da kaina.

Ina ɗagowa na ga dattijo Balarabe a kanmu, sanda a hannu ɗaya, waya a ɗaya, awakinsa a baya.

"Sihiri," ya ce. Wai wata biyu ke nan yana ganin mutane suna durƙusawa a gindin itacen nan, kuma tun lokacin akuyarsa ta daina nono. Yanzu zai kira 'yan sanda.

Jama'a, ku dubi hoton: baƙar mace, baƙuwa, a durƙushe, da gwangwani binnanne mai takardu a ciki. Wa zai tsaya jin wai wasa ne? Ni har na ga kaina a jirgi an kore ni, Hanan a ƙasa.

"Ya Ammi, wallahi wasan yara ne," in ji Sumayya. Ta nuna masa waya, ya ƙi kallo.

Da guntun Larabcina na ce, "Baba, buɗe da hannunka. In ka ga laya, ni zan riƙe maka wayar."

Ya karanta Falaƙi da Nasi, ya tofa, ya ɓalle murfin da bakin sanda. Tambarin dabino ne, da littafi. Yana buɗe shafi yana ja da baya kamar zai cije shi. A shafi na shida ya tsaya. Wani yaro ya zana mutum da sanda da awaki uku, baki a wangame, hanci kamar tulu. Hanan ta leƙa ta karanta abin da ke ƙasa da ƙarfi, don ba ta da birki: "Maigadin taska. Yana da faɗa, amma yana ba da shayi."

Ya daɗe yana kallo. Ya zura wayar a aljihu.

"Hancina ba haka yake ba," ya ce.

Hanan ta buga tambarinta, muka mayar da gwangwani, shi da kansa ya gyara duwatsun. Shayin nasa ma mun sha, kofi bibbiyu.

Gida, 10:15

Mun iso lafiya, na kulle ƙofa na kwanta a kan tayil. Godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu mu uku cif. Sai kuma yaron nan mai zane, ko ɗan waye, Allah Ya yi masa albarka. Hancin kuwa, tsakani da Allah, haka yake.