Malama Tururuwa da Sunayen Sinadarai

Haihuwa da karatu

An haifi marigayiya a shekarar 1951 a wani ƙaramin gari na bakin layin dogo. Mahaifinta mai sayar da turaren wuta ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma. Ta kammala sakandare a 1970, ta shiga jami'a, inda ta karanci ilimin sinadarai masu tushen kabon, ta fita da sakamako mai daraja a 1975.

Koyarwa

A wannan shekarar ta fara koyarwa a kwalejin horon malamai, a wani ɗakin gwaji mai dogayen tebura da famfo ɗaya tak. Al'adarta ita ce ba ta rubuta sunan sinadari a allo sai ta faɗi asalinsa: butan daga kalmar Girkanci mai nufin man shanu, asid ɗin fomik daga sunan tururuwa a Latin, wanda ya jawo mata laƙabin da ya binne sunanta na yanka. Wanda ta fi ƙauna shi ne benzin, domin tushensa luban jawi ne na Larabci, ƙaron da ta tashi tana shaƙa a shagon mahaifinta.

Aure da iyali

A 1977 ta auri wani direban jirgin ƙasa, wanda kan ce, “Ko gishiri na nema a gidan nan, sai na ji tarihin kakansa.” Allah ya albarkace su da ’ya’ya huɗu. Babban ne ya gaje ta a ilimin sinadarai, ya kama aiki a masana'antar fenti a 2003.

Jarrabawa

A 2011 likitoci suka tabbatar wa babban ɗan nata da sankarar jini, suka danganta ta da tururin benzin da ya daɗe yana shaƙa. Tana jinyarsa ya ce mata, “Mama, ashe mai asali ma yana kisa.” Ya rasu a farkon 2012. Da zango ya kawo ta kan darasin benzin, ta rubuta sunan a allo, ɗalibai suna jiran labarin, ta ajiye alli ta fita. Ba ta sake shiga aji ba.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2019 bayan gajeruwar rashin lafiya, aka yi jana'izarta bayan la'asar, tsofaffin ɗalibanta cike da layin gidan. Ta bar mijinta da ’ya’ya uku: ma'aikaciyar jinya, tela, da autarta lauya. Ta kuma bar jikoki tara, biyu daga cikinsu marayun babban ɗanta, waɗanda a ɗakinta suka girma.