Firintar da Na Riƙa Lalatawa

Takardar na fara gani kafin mutumin. Wata safiyar Litinin, a ofishin likitan haƙorin da nake aiki a garin Largo, na tura jerin masu zuwa ganin likita, sai firinta ta fito da shi kamar matakalar bene. Layi na biyu ya fara daga inda na farko ya ƙare, na uku ya ƙara matsawa dama, sauran suka zarce gefen takarda suka ɓace.

Aka kira mai gyara. Ɗan Kumasi ne, dogo, da Hausarsa ta zango. Ni kuwa littattafan soyayya na kasuwa suka raine ni a Kano, na san tsarin: jarumi ya shigo, jaruma ta yar da wani abu, ido ya haɗu. Na yar da biro. Ya taka shi.

"Anti, firinta lafiyarta ƙalau," in ji shi. Anti! Da ƙyar in na girme shi da shekara biyu. "Sabuwar kwamfutar 'sauka ƙasa' kawai take cewa a ƙarshen layi. Ita wannan tsohuwar firintar sai an ƙara mata da 'koma farko'." Ya nuna mini wani ɗan akwati a allon kwamfutar, ya sa masa alama, ya tafi.

Ranar Alhamis na cire alamar, na fesa turare, na kira shi. Haka muka yi wata guda. Kullum ya zo sai ya maimaita bayanin a hankali fiye da na baya, ni kuma ina ɗauka tausasa murya ce ta masoyi.

Da na ga jarumin nawa ba shi da niyyar magana, na zauna na rubuta masa wasiƙa a fayil, har da zancen hawaye da farin wata. Na cire alamar kamar kullum, na ce ya zo ya gwada buga fayil ɗin da kansa. Takarda ta fito, ga layin farko a sama: "Malam, tun ranar da ka shigo," sai layi na biyu can a dama, rabinsa a yanke. Farin watan gaba ɗaya ya faɗa ta gefe.

"Kin gani ko? Yau zan raba ki da wahalar nan," in ji shi. Ya sa wata 'yar manhaja mai gyara ƙarshen kowane layi da kanta, ya kulle akwatin, ya goge fayil ɗin, wai na gwaji ne, don kada ya cika mini wuri. Mutum mai kirki. Firintar ba ta sake ɓata ko layi ɗaya ba, Allah ya isa.

Bayan shekaru na gamu da shi a wajen wani suna a garin Bowie, da matarsa da 'ya'ya uku. Yanzu yana da ajinsa na koya wa tsofaffi kwamfuta. Ya jawo matar da murna ya ce, "Ga Antin da nake ba ki labari. A kanta na gane ina da haƙurin wannan sana'a."