Ƙofar da Na Ba 'Yan Gwangwan

Gemuna har ya fara furfura, amma ranar da na canja ƙofar motar mahaifina ba ta taɓa barin zuciyata ba, kuma na san da ita za a kai ni kushewa.

Tsohuwar mota ce fara, irin masu dogon bayan nan da aka yi yayi tun kafin a haife ni. Bayan rasuwar Baba ta yi shekara uku a rumfar ƙofar gidanmu a Garo, kaji na fakewa a ƙarƙashinta. A ƙofar baya ta dama akwai wata loɓa mai faɗin faifai. Yayana, ɗan farin Inna, shi ya yi ta da amalanken shanu wata kaka da yake shigo da gyaɗa. Bai ƙara wata biyu ba zazzaɓi ya ɗauke shi, lokacin ina goye. Ko hoto bai bari ba. Labarin na san shi sarai, sai dai ban taɓa ba shi nauyi ba, domin ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Ɗan fari ne, akwai kunya. Ni kuwa da wautata na ɗauka shirun nata mantuwa ne.

Da na sami aiki a Kano, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai na ƙudura zan tayar da motar in kai Inna filin Idi a cikinta, mutanen gari su ga ɗan Alhaji ya kawo ƙarfi. Ita dai na ce mata inji za a duba. Aka ja motar zuwa Gwarzo, wurin wani dattijo mai gyaran jikin mota wanda ya san Baba tun suna samari.

Ya zagaya ta a hankali yana ƙwanƙwasa jikinta da bayan yatsa. Ya ce ƙarfen da ne, yanzu ba a yin irinsa. Tsatsa ta ci gindin ƙofar, amma zai yanke wurin, ya yi masa maho da walda, ya goge, sai dai aikin zai ci mako uku. Loɓar kuwa zai bar ta, don sau nawa Baba yana kawo motar yana hana shi taɓa wurin. Na ce Sallah saura kwana goma, kuma ba zan zuba fenti a kan loɓaɓɓiyar ƙofa ba, sabuwa za a sa.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka tambayi mahaifiyarka kafin a kwance ƙofar nan?"

Dariya na yi, na ce me Inna ta sani game da mota. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kunyar kaina.

Na shiga Kano na sayo wata ƙofa wurin masu kayan gyara. Shafal take, kuma ba ta zauna daidai ba, sai an buga ta sau biyu take rufuwa. Dattijon ya ɗaura ta. Tsohuwar kuwa, ni da bakina na kira wasu 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, da ke wucewa na ce su zo su ɗauka.

Ranar jajibiri da la'asar na shigo Garo da motar tana ƙyalli. Maƙwabta suka fito ana ta sam barka. Inna ta fito daga zaure, ba ta dubi fenti ba, ba ta dubi fitilu ba. Kai tsaye ta nufi ƙofar baya, ta ɗora tafin hannunta, ta shafa sama, ta shafa ƙasa. Sai ta mayar da hannun cikin mayafi, ta ce, "Ta yi kyau. Allah ya yi albarka." Ta koma ciki.

Washegari a ƙafa ta tafi Idi. Gwaggona ce ta ja ni gefe ta gaya mini abin da kowa a gidan ya sani ban da ni. Kullum in Inna ta fito shara da safe sai ta tsaya a wurin loɓar ta dafa ta, ta yi addu'arta a zuci. Shi kuma Baba, faɗa mai zafi ya yi wa yayana ranar da abin ya faru, kuma bai sami damar sanyaya masa rai ba har ya rasu.

Ko abincin Sallah ban ci ba na koma Gwarzo. Dattijon ya ce ya so ya ɓoye ƙofar, amma mutanen sun ce mai motar ne ya ba su. Na bi su har inda suke tara kaya, na tarar an riga an farfasa ta da guduma, an loda, an tafi. Cikin ruɗewa na roƙe shi ya buga mini wata loɓar a sabuwar ƙofa. Ya girgiza kai ya ce, "Bugawa ba wuya. Amma hannuna ne zai yi ta, ba na yayanka ba, kuma mahaifiyarka za ta gane."

Na durƙusa gaban Inna na nemi gafara. Ta ce ba komai, ai ƙarfe ne, tana magana tana kallon tabarma. Shekara biyu ta ƙara a duniya, ba ta taɓa shiga motar ba, kuma ta daina share gefen rumfar.

Abin da na koya ya zo mini a makare. Mutanenmu ba sa faɗin abin da ya fi yi musu ciwo, don haka in ka ga dattawa sun bar wani abu a lalace shekara da shekaru, tambaya ake yi kafin a kai hannu. Ni ban tambaya ba, na raba uwa da abin da ya rage mata na ɗanta don in burge mutanen gari.